Sa wa Faya-fayan Garmaho Lamba a Excel: Wace Fomula Ce Ba Za Ta Ci Amanarka Ba?

Kwana huɗu na yi ina manna sitika a jikin ledojin faya-fayaina. Guda 380 ne a lokacin. Kowanne sai na zaro shi daga kanta, na duba lambar da jadawalin kwamfuta ya ba shi, na rubuta da alƙalami, na manna a kusurwar sama ta dama, na mayar. Da na gama sai jerin bai yi mini kyau a ido ba, don yadda hannuna ya riƙa faɗa musu haka na shigar da su, babu tsari. Na danna na jera shi bisa sunayen mawaƙa daga A zuwa Z, na adana, na rufe kwamfuta.

Bayan mako guda na nemi wani faifai. Jadawali ya ce lamba 117. Na bi kanta da yatsa har 117, na zaro, sai ga wani daban yana kallona. Na gwada na biyu, haka. Na uku ma haka. Da na danna gidan lambar sai na ga abin da na rubuta da hannuna: =ROW()-1. Abin da na sa fomular shi ta yi, wato ta faɗi layin da take zaune. Faya-fayan sun yi ƙaura zuwa sababbin layuka, lambobin kuwa suna nan inda suke, kamar lambar ƙofar gidan haya da ba ruwanta da wanda ya tashi ko wanda ya tare. Dare biyu na ƙara ina zaro faifai ɗaya-ɗaya ina karanta sitikarsa ina buga lambar da hannu.

Tun daga ranar nake yi wa duk mai neman fomular sa lamba tambaya guda kafin in ba shi komai: lambar nan za ta fita daga kwamfuta ko a ciki za ta tsaya? In za ta hau sitika, ko a rubuta ta a takardar wanda ya ari faifai, ko a tura wa mai saye, to lambar shaida ce, kuma dole ta bi faifan duk inda ya je har ranar da zai bar hannunka. In kuwa so kake ka ga "na nawa ne wannan a jerin da nake kallo yanzu", to lambar ƙidaya ce, kuma sauyawarta ita ce amfaninta. Yawancin fomulolin da ake yaɗawa na ƙidaya ne, mutane suna ɗauka suna yin aikin shaida da su.

Don mu tafi tare, mu ɗauka layi na 1 na kanun bayanai ne. Ginshiƙin A lamba, B mawaƙi, C sunan faifai, D nau'in kiɗa, E kamfanin da ya buga, F lambar da kamfanin ya ba shi. Abin da zan kawo yana aiki a Excel da Google Sheets da LibreOffice Calc, sai inda na ce ba haka ba. In manhajarka ta ƙi karɓar waƙafi a tsakiyar fomula, saitin yankinta ne; sa waƙafi mai ruwa a madadinsa.

Wani zai ce, ai kowane faifai da lambarsa ya zo, tana nan a gefen kwali da takardar tsakiya, me zai sa in ƙirƙiro wata? Lambar kamfani tana da amfani sosai, shi ya sa na ba ta ginshiƙi, amma ba ta iya zama shaidar faifanka. Kamfani kan sake buga faifai bayan shekaru da lambar nan tasa ta farko, don haka bugun farko da na baya su zo da lamba ɗaya alhali darajarsu ba ɗaya ba. Kiɗa guda kuma kan zo da lamba biyu: kamfanin Blue Note yakan ba bugun murya ɗaya lamba irin BLP 4003, bugun sitiriyo na faifan nan kuma ya zama BST 84003. Kowane kamfani da salonsa, wani harufa da lambobi, wani lambobi zalla, har Factory na Manchester da ya ba gidan rawarsa lamba cikin jerin, FAC 51. In kana da kwafi biyu na bugu ɗaya, ɗaya garau ɗaya ya sha allura, lambar kamfani ba za ta raba su ba. Haka ita ma lambar da Discogs, shafin intanet na masu tara faifai, ke ba kowane bugu, wadda za ka gani a ginshiƙin release_id in ka sauke tarinka daga shafin a fayil ɗin CSV, wato jadawali na rubutu zalla: tana raba bugu da bugu, amma kwafi biyu na bugu ɗaya lamba ɗaya za su ɗauka. Ko rubutun da ake karcewa a filin nan mara kiɗa kusa da takardar tsakiya, wanda masu tara faifai ke karkatarwa gaban fitila don su gane bugu, ƙarfen da aka buga faifan da shi yake nunawa, kuma faya-fayai da yawa suka fito daga ƙarfen nan. Lambar da za ta ce "wannan na hannuna" kai kaɗai za ka iya ba da ita.

Fomular da hannu ke fara kaiwa gare ta ita ce a sa 1 a A2, a rubuta wannan a A3, a ja ƙasa:

=A2+1

Ba zan ɓata maka lokaci a kanta ba. Kowane gida ya rataya a wuyan na samansa. Goge layi ɗaya, duk na ƙasa su zama #REF! har gindi. Jera jadawalin, 1 ɗin nan ya faɗa tsakiya, fomular da ta hau sama ta yi ƙoƙarin ƙara ɗaya a kan kalmar "Lamba" ta kan ginshiƙi, ta ba ka #VALUE!. Ba ta yi aikin shaida ba, ba ta yi na ƙidaya ba. Alherinta ɗaya shi ne in ta lalace kowa zai gani, ba ta ɓoyewa.

Ita kuwa ROW, wadda ta yi mini aika-aika, a fagenta ba ta da laifi. Goge layi, ta gyara kanta. Cusa sabo a tsakiya ka ja fomular, jeri ya daidaita. Raunin =ROW()-1 shi ne ranar da ka ƙara wani layi a can sama don rubuta take, lissafi zai fara daga 2. Maganinsa a ɗaure ta da layin kanun:

=ROW()-ROW($A$1)

Haɗarinta shi ne shirunta. Bayan an jera, ginshiƙin zai nuna 1, 2, 3 tsaf, babu jan rubutu, babu gargaɗi. Ka sayar da faifai na 40 ka goge layinsa, na 41 ya zama 40, na 300 ya zama 299, sitikoki 340 sun zama ƙarya cikin daƙiƙa ɗaya, ido kuma ba zai gane ba.

SEQUENCE ƙanwar ROW ce da ta zo da kwalliya. Fomula ɗaya tak a A2, ta zubo lambobi har ƙasa daidai yawan faya-fayanka:

=SEQUENCE(COUNTA(B2:B5000))

Da ka rubuta sabon mawaƙi a B, lamba ta fito da kanta, ba ja ba kwafa. Tana nan a Google Sheets, da Excel 2021 da Microsoft 365, da LibreOffice daga sigar 24.8. Excel 2016 da 2019 ba su san ta ba, don haka in za ka tura fayil ɗin ga mai tsohuwar manhaja ka yi tunani. In wani abu ya tare mata hanya a ginshiƙin, ko da tazara ce da ba a gani, Excel zai ce #SPILL!, Google Sheets ya ce #REF!. Ba ta zubowa a cikin abin da Excel ke kira Table. Kuma faifan haɗaka na mawaƙa da yawa, in ka bar gidan mawaƙinsa fanko, ƙidayar za ta gaza da ɗaya, layin ƙarshe ya rasa lamba. Duk wannan ƙananan abubuwa ne. Babban shi ne halinta ɗaya da yayarta: wuri take ƙirgawa, ba ta san faifai ba.

A cikin masu ƙidaya, wadda na fi so, kuma har yau tana jadawalina a wani siririn ginshiƙi can gefe, ita ce wannan:

=SUBTOTAL(103,$B$2:B2)

Layukan da ido ke gani kawai take ƙirgawa. Tace jadawalin ya nuna faya-fayan kamfanin Decca kaɗai, sai ta ba su 1, 2, 3 har ƙarshe, alhali ROW za ta ba ka 14, 52, 209. In za ka buga jerin abin da kake son sayarwa a takarda, ita ce ta dace. Lambar 103 ɗin ta sa ta tsallake layukan da aka tace da waɗanda aka ɓoye da hannu. In ka sa 3, waɗanda aka tace kawai za ta tsallake. Tana da wata ɗabi'a a Excel: yakan ɗauki layin ƙarshe mai SUBTOTAL a matsayin layin jimilla, ya ƙi tace shi, sai ka ga baƙon faifai ya maƙale a ƙasan kowane tacewa. Ƙara *1 a ƙarshen fomular yakan kashe wannan.

Yanzu mu zo kan wadda ta fi jan hankalin masu tara faifai, don ita ce ke ba da lamba mai kama da ta ɗakin karatu:

=D2&"-"&TEXT(COUNTIF($D$2:D2,D2),"000")

Dabarar tana cikin alamar dala. Farkon zangon, $D$2, a ɗaure yake. Ƙarshensa, D2, sake yake, don haka duk layin da ka sauka zangon na ƙara tsawo. A kowane layi fomular tana tambaya: daga sama zuwa nan, sau nawa wannan nau'in ya fito? Faifan jaz na farko ya zama JAZ-001, na biyu JAZ-002, ko da akwai na rege goma a tsakaninsu, su kuma suna nasu jerin REG-001, REG-002. TEXT ɗin ce ke cika sifili a gaba. Kada ka raina sifilin nan, don lambar da aka haɗa da harufa ta zama rubutu, rubutu kuma harafi-harafi ake jera shi: JAZ-10 zai riga JAZ-2, JAZ-100 ya riga JAZ-11. Da sifili a gaba kowa zai tsaya a sahunsa.

Na yi shekara guda ina sha'awar wannan tsarin kafin in gane inda yake yoyo. Na farko, rayayya ce kamar sauran: jera jadawalin ko goge layi, lambobin su sake rabo. Wannan ana maganinsa da daskarewa, zan zo kansa. Na biyu ya fi zurfi, kuma ba laifin fomula ba ne. Nau'in kiɗa ra'ayi ne. Faifan da ka kira jaz bana, baɗi in kunnenka ya ƙara buɗewa ka ce ai wannan ya fi kusa da fank. In ka sauya D, ko dai lambar ta sauya ta saɓa wa sitika, ko ka bar JAZ-045 zaune cikin 'yan fank yana ƙaryata kansa. Duk bayanin da ka cusa cikin lamba, ka yi alkawarin ba zai taɓa sauyawa ba, kuma kaɗan ne daga bayanan faifai ke iya cika wannan alkawari.

Akwai guda da ke cikawa, wato girman faifan da gudunsa. Babban nan mai inci 12 da ke juyi 33 da sulusi a minti, wanda Columbia ta fito da shi a 1948, ba zai wayi gari ya zama ƙaramin mai inci 7 da juyi 45 da RCA Victor ta fito da shi a 1949 ba. Tsofaffin masu juyi 78 kuwa, da yawancinsu ba roba ba ne kuma suke fashewa in sun faɗi, dama ba a haɗa su kanta ɗaya da sauran. Tun da girma ya riga ya raba musu wurin zama, harafin gaba da ke nuna girma yana gaya maka kantar da za ka nufa, kuma ba zai tsufa ba. In dole sai ka sa harafi, sa wannan: LP-0042 ga babba, S-0007 ga ƙarami. Nau'in kiɗa ya zauna a ginshiƙinsa, ka sauya shi sau goma in ka ga dama.

COUNTIF tana da 'yan halaye da ya kamata mai amfani da ita ya sani. Ba ta bambanta babban harafi da ƙarami, wannan alheri ne. Amma "JAZ" da "JAZ " mai tazara a ƙarshe abu biyu ne a wurinta, haka k da ƙ, sai ka ga jeri ya rabu biyu kowanne ya fara daga 001. Mafita ita ce a mayar da ginshiƙin D na zaɓi daga jerin da aka tanada, kada a riƙa bugawa da hannu. Alamar tambaya kuma a wurinta tana nufin "kowane harafi ɗaya", tauraro kuma "kowane jerin harufa", don haka in da sunan mawaƙi kake ƙirgawa kuma akwai mai irin wannan alama a sunansa, za ta haɗa shi da waɗanda ba shi ba. Batun nauyi kuwa, kowane layi sai ya duba duk na samansa: a layi 2,000 dubawa kusan miliyan 2 ke nan, ba abin da kwamfuta za ta ji, a layi 20,000 ya kai kusan miliyan 200, nan za ka fara jin jan ƙafa, musamman a waya.

To wace ce ta shaida? Amsar tana da ɗan ban haushi ga mai son fomula: lambar da aka buga da hannu, ko aka daskarar, wadda ba fomula a ƙarƙashinta. Ita kaɗai ce ke tafiya da layinta in an jera, ba ta motsi in an goge maƙwabcinta. Gidajen adana kayan tarihi da ɗakunan karatu sun daɗe a kan wannan: abu ya shigo, a ba shi lambar shigowa ta gaba, shi ke nan har abada, ko an sauya masa ɗaki sau nawa. Aikin fomula a nan shi ne ta gaya maka lambar da ke biye, ta kuma yi gadi kada ka maimaita. A wani gida can gefe, a ce H1, rubuta:

=MAX(A:A)+1

Sabon faifai ya shigo, ka kalli H1, ta ce 381, ka buga 381 a A da yatsunka, nan take H1 ta koma 382. In kana da jeri daban ga kowane girma, ka ba girman ginshiƙinsa, a ce G, sai ka yi amfani da MAXIFS, wadda ke Excel daga 2019 da Google Sheets da LibreOffice:

=MAXIFS(A:A,G:G,"LP")+1

Sharaɗin duka biyun shi ne A ya kasance lamba zalla. In ka rubuta LP-0042 a ciki, MAX ba ta ganin rubutu, kullum 1 za ta ce maka. Bar 42 tsirara a A, ka ƙera ta sitika a wani ginshiƙi da =G2&"-"&TEXT(A2,"0000"). Wannan fomular rayayya ce amma ba ta da haɗari, don layinta kaɗai take kallo. Duk inda aka jefa layin tare za su tafi. Ka riƙe wannan a matsayin ma'auni ga duk fomular da wani ya ba ka: in tana leƙen layin sama ko na ƙasa, ko tana tambayar inda take zaune, jerawa za ta sauya ta.

MAX tana da rami ɗaya. In faifai mafi girman lamba ya bar hannunka ka goge layinsa, za ta sake miƙo maka lambar nan, sabon faifai ya gaji lambar wanda ya tafi, tsohuwar takardar ciniki kuma ta koma nuna abin da ba shi ba. Don haka ni ba na goge layi. Na ƙara ginshiƙi na "hali": yana nan, an ara, an sayar, ya fashe. Tacewa ke ɓoye waɗanda suka tafi. Giɓi a kanta, a ce daga 211 sai 213, ba aibi ba ne. Duba jadawali ka ga 212 ya tafi da ranar da ya tafi.

Wanda ke da ɗaruruwa a ƙasa yanzu ba sai ya buga su ɗaya-ɗaya ba. Nan ne rayayyun fomuloli ke da ranarsu, ta wuni ɗaya. Jera jadawalin yadda kake so lambobin su fara, tun ran gini ran zane. In daga Discogs ka sauko da shi, akwai ginshiƙin ranar da ka shigar da kowanne, shi ya fi kusa da tsarin shigowa. Sa ROW ko COUNTIF ta raba lambobi. Sannan, kafin ka taɓa sitika ko ɗaya, zaɓi ginshiƙin, kwafa, ka manna sakamakon zalla a kansa: Ctrl+Shift+V a Google Sheets, a Excel kuma Paste Special ka zaɓi Values. Danna gida biyu ko uku ka tabbata abin da ke sama lamba ce, ba alamar daidai a gabanta. Wannan daƙiƙa goman ce na tsallake, ta ci mini dare biyu.

Daskararriyar lamba ma tana da maƙiyanta, kuma biyu ne. Na farko jera rabin jadawali: ka zaɓi ginshiƙin B kaɗai ka jera, sunaye su motsa, lambobi su tsaya. Excel yakan tambaya ko a faɗaɗa zaɓin, amma ginshiƙi fanko a tsakiya yakan sa ya ɗauka jadawalin a nan ya ƙare. Kada ka bar fanko a tsakiya, kuma ka riƙa jerawa daga 'yan kibiyoyin tacewa na kan ginshiƙi. Na biyu maimaici, ranar da gajiya ta sa ka buga 318 a maimakon 381. Sa wannan a matsayin sharaɗin canza launin gida a duk ginshiƙin A:

=COUNTIF($A:$A,A2)>1

Da ka maimaita, gidajen biyu su yi ja. Ana iya sa kishiyarta a matsayin mai tsaron ƙofa da zai ƙi karɓar lambar tun farko, sai dai mai tsaron nan ba ya ganin abin da aka manna, abin da aka buga kawai yake tarewa, shi ya sa na fi yarda da launi. Wasu kan ƙara =MAX(A:A)-COUNT(A:A), wadda ya kamata ta ba da sifili in ba a tsallake lamba ba. Tana da kyau, amma a misalin 318 ɗin nan, in ka ci gaba ka buga 382, maimaici ɗaya da giɓi ɗaya za su cinye juna ta nuna sifili. Tare da launin take aiki, ba ita kaɗai ba.

Faifai mai biyu a kwali ɗaya, ko akwati mai biyar fa? In kwali ɗaya ne, lamba ɗaya ta isa, ka ƙara ginshiƙin yawan faya-fayan ciki. In kana son kowanne da layinsa don ka rubuta lafiyarsa daban, maimaita 42 a A da gangan, ka raba su da =A2&"/"&COUNTIF($A$2:A2,A2), ka daskarar, ka kuma mayar da gadin maimaici kan wannan sabon ginshiƙin. Abin da ba za ka yi ba shi ne 42.1, 42.2. A wurin kwamfuta 42.10 da 42.1 lamba ɗaya ce, sifilin zai ɓace. Haka mai son salon shekara da lamba, 2024.10 zai koma 2024.1. Ya gudu zuwa karan ɗori ya rubuta 2024-10, Excel ya mayar masa da ita watan Oktoba. An gudu ba a tsira ba. Harafi a gaba ke kashe wannan rigima.

Wannan karambanin na Excel zai fi cizonka a ginshiƙin F. Lambar kamfani mai fara da sifili za ta rasa sifilinta. Mai kama da kwanan wata za ta zama kwanan wata. Lambar bakod ta bayan kwali, mai lambobi 12 ko 13, za ta koma wani abu kamar 7.24E+11, in kuma ka adana a CSV a haka, sauran lambobin sun tafi ke nan. Ba kai kaɗai ba ne: a 2020 sai da masu sa wa ƙwayoyin halitta suna suka sauya sunaye irin MARCH1 da SEPT1 saboda Excel na mayar da su ranakun wata. Mayar da F da ginshiƙin bakod zuwa tsarin rubutu kafin ka shigar da komai. Bayan an shigar, ihu ne bayan hari. Fayil ɗin CSV kuma kada ka buɗe shi da danna sau biyu. Shigo da shi ta hanyar da za ta ba ka damar cewa wannan ginshiƙin rubutu ne.

Saura tambayar da ke bayan duk wannan: kanta za ta bi lamba ko za ta bi suna? In ta bi lambar shigowa, sabo kullum ƙarshe yake zuwa, ba ka matsar da kowa. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, don faifai 500 masu giram 140 kilo 70 ne, ban da kwalayensu, kuma mai jeri bisa suna da ya sayo goma masu fara da B ya san ciwon bayan tura kanta shida gaba. Kuɗin da za ka biya shi ne ba ka samun komai sai ka buɗe jadawali, kuma faya-fayan mawaƙi ɗaya za su warwatse. In ta bi suna, hannu na zuwa kai tsaye ba kwamfuta, lambar shaida kuma ta zama ta lissafi da aro da ciniki kawai. Kuskuren shi ne a so cin biyu da lamba ɗaya, a jera bisa suna a ba su 1 zuwa 380 a manna. Sabon faifai na farko zai rushe shi. Masu barin tazara, 10, 20, 30, don su cusa sababbi a tsakani, jinkirta ranar kawai suka yi, don tarin mutum ba ya girma daidai-wa-daida: mawaƙin da ka kamu da sonsa zai cinye gurabe taran nan cikin wata biyu, wasu harufan kuma ba za a taɓa su ba.

Ga inda na tsaya. Mai faifai ƙasa da ɗari, wanda ba ya manna komai, jerin kawai yake so don kada ya sayi abin da yake da shi: ROW ko SEQUENCE sun ishe shi, kada ya wahalar da kansa. Mai yawan tacewa da buga jeri a takarda ya ƙara SUBTOTAL. Duk wanda alƙalaminsa zai taɓa sitika, ko yake ba da aro, ko yake saye da sayarwa, ko mutum biyu ke shigar da bayanai a fayil ɗaya: lamba zalla daskararriya a A, MAX a gefe, jan launi na gadi, lambobi huɗu don su kai shi 9999, ba goge layi. COUNTIF mai harafin nau'in kiɗa kuwa, in zuciyarka ta nace, yi ta sau ɗaya ka daskarar, ka kuma shirya zama da JAZ-045 cikin 'yan fank.

Sitikar kuma a jikin ledar waje za ka manna ta, kada ta taɓa kwalin asali, don gam yana ɗaye fenti kuma mai saye zai rage maka a kansa. Leda tana iya musanyuwa in ka zaro biyu lokaci ɗaya, shi ya sa nake ƙara rubuta lambar da fensir a kusurwar farar takardar ciki, wadda na saya daban, ba ta asalin ba.